Inna Ta Kashe Daga Bango

Shafi na 23

Masu cewa na yi shiru, na ji ku. Masu faɗan wai Auta ta cika sanyin hali, ku ma na ji ku. Ku karanta na yau tukuna.

*

"Ta ƙi gani," in ji Auta, ta ajiye kyamarar a kan teburin mai shago. "Tun safe nake fama. In soka, in zare, in sake sokawa, kwamfutar ko gezau."

Mai shagon ya ture gilashinsa saman goshi.

"Da wace igiya kuka haɗa?"

Yaya Babba ya zaro wata doguwar igiya daga aljihun rigarsa ya dangwarar.

"Da wannan. Tawa ce ta caja, sabuwa dal."

"Alhaji, wannan ai wuta kawai take kaiwa, ba ta kai hoto. Ina wadda ta zo a cikin kwali?"

Auta ta juya ta dubi yayanta. Shi kuma ya ɗaga kai yana kallon fanka.

"Yaya?"

"Na ga guntuwa ce."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai na ɗaure bakin buhun gawayi da ita."

Mai shagon ya yi dariya har da buga tebur, sannan ya jawo aljihun teburin yana lalubo wata. Auta ba ta yi dariya ba. Wayarta ta duba, ta mayar cikin jaka.

Shekara guda ke nan da ɗoriya tun da Baba ya faɗi a shagonsa na kafinta, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Tun daga ranar yana kan keken guragu, magana kuwa sai dai gurnani da nuni da ido. Auta ce ta tattara rayuwarta ta ajiye gefe, ita ce wanki, ita ce girki, ita ce juya shi a gado. Makarantar ungozoma da ta ɗauke ta a wani gari mai nisa ta ɗaga mata ƙafa bara. Bana sun ce ba ƙari: ko ta bayyana ranar Litinin, ko a ba wata gurbin. Yau Juma'a da yamma za su kira su ji ta bakinta.

Ta riga ta yanke a ranta. Idan likita ya ga bidiyon ya ce ba ci gaba, za ta ce musu ta haƙura.

Likitan ne ma ya kawo maganar bidiyon. Ya daɗe yana matsa ƙafar Baba, sannan ya ce, "Ƙafar da ba a takawa ramewa take yi. Wannan ba ta rame ba. Wataƙila asibiti ke firgita shi. Ku ɗauko min shi a gida yana motsa jikin safe, in gani da idona."

Abin da ya kawo su wannan shagon ke nan makon jiya.

"Da kun bi tawa," in ji Yaya Babba yana nuna wata ƙatuwar kyamara a saman kanta, "da waccan muka saya. Irin ta 'yan jarida. Mutum ya saɓa ta a kafaɗa, a san ya zo."

"Alhaji, ai na tambaye ku," mai shagon ya ce. "Me za a ɗauka, a ina, wa zai riƙe? Ƙanwarka ta ce ɗaki ne ƙarami, haske ba yawa, ba mai riƙewa, ga ɗauke wuta. Shi ya sa ta ɗauki wannan. Idonta na da faɗi, daga kusurwa take kama ɗaki duka. Kunnenta kuwa ko numfashi ka yi sai ta ji. Ta zaɓi babban batir, ta zaɓi katin ajiya mai ciki. Ni ban ga wanda ya fi ta iya zaɓe ba a watan nan."

"Waya ma ai da ta yi."

"Yaya, da wayar nake fita aiki," Auta ta ce a hankali. "Kuma ana kira take yanke ɗauka. Na faɗa maka."

"To, to. Injiniya, yi abin da za ka yi, ina da lodi gobe da asuba."

Mai shagon ya samo guntuwar igiya, ya buɗe wani ɗan murfi a gefen kyamarar ya soka, ɗaya bakin ya kai jikin kwamfutarsa.

"Ƙanwata, matso ki gani, don gobe ki yi da kanki. Ki kunna ta tukuna. Kin ga ta yi tambaya a allonta? Nan za ki taɓa, inda aka zana kwamfuta."

Auta ta taɓa. Kwamfutar ta yi wani ɗan ƙara, akwati ya buɗe a allo.

"Shi ke nan, sun gaisa. Yanzu sai mu juye wa likita a filashi." Ya sauko da gilashinsa. "Ba kin ce motsa jikin gajere ne ba?"

"Kafin shayi ya huce mun gama."

"To waɗannan kowanne ya fi wasan ƙwallo tsawo. Wa ke kashewa?"

"Inna. Ni nake kunnawa, mu yi abin da za mu yi, in fita kemis wurin aikina a gurguje in ce ta kashe."

"Bari mu buɗe ɗaya, in yanke muku inda ake so."

Ɗakin Baba ya cika allon. Ga gadon, ga tagar da labulenta, ga ɗan tebur da kofin shayi a kai. Baba na kan kekensa, kai a langaɓe. Inna na zaune gefensa a kan kujera 'yar tsugunno, hannunta a kan gwiwarsa kamar kullum. Auta ta ga kanta durƙushe, da shuɗin mayafi, tana ɗaga ƙafar Baba.

"Baba, tura hannuna. Daure, ko kaɗan ne."

Ƙafar ta faɗi yaraf.

Yaya Babba ya sauke ajiyar zuciya ya kau da kai. "Allah ya ba ka lafiya, tsoho."

A allon Auta ta miƙe, ta gyara wa Baba hula, ta ɗauki jaka.

"Inna, na makara. Ki kashe kyamarar."

"To, Allah ya tsare."

Aka ji takunta, aka ji ƙofar waje ta rufu. Inna ta tashi, ta bi bango da tafin hannu har ta kai soket ɗin da cajar kyamarar ke ciki. Ƙas!

Hoton bai ɗauke ba.

"Au!" mai shagon ya ce. "Daga bango ta kashe."

"Haka take kashe komai," in ji Auta. "Talabijin, fanka, dutsen guga. Ba ta yarda da maɓalli ba, wai wuta na maƙalewa a ciki."

"Ai wannan ba talabijin ba ce. Ana yanke mata wuta sai ta koma kan batir. Kuma ke kika ce in kashe 'yar jar fitilar gaban nan, wai Baba na zuba mata ido. To ba mai sanin tana ɗauka. Bari in wuce gaba, sauran duk…"

"Na kashe," muryar Inna ta fito daga kwamfutar. "Ta fita?"

"Ta fita. Na ji ta ja ƙofa."

Hannun mai shagon ya tsaya cak.

Muryar namiji ce. Garau, ba gurnani, ba sarƙewar harshe. Muryar da Auta ta daɗe tana roƙon Allah ya sake jiyar da ita ko sau ɗaya.

"Wa… wa ya yi magana?" Yaya Babba ya tambaya.



A allon Baba ya ɗago kai. Ya yaye bargon da ke cinyarsa, ya dafa hannun keken da hannun dama, hannun da aka ce ya mutu. Ya sauko da ƙafa ɗaya, ya sauko da ɗayar.

Ya miƙe tsaye.

"Wash Allah! Keken nan sai ya kashe ni kafin ciwon ya kashe ni."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Yaya Babba ya yi baya har ya ture kwalayen da ke bayansa. "Injiniya! Me ka sa mana? Me ke cikin kwamfutar nan taka?"

"Alhaji, ni igiya kawai na soka."

"Haɗi ne! Irin wanda yara ke yi a waya, a ɗora kan wani a jikin wani!"

"Yaya," in ji Auta. Muryarta ba ta fita sosai. "Dubi."

Baba ya taka zuwa taga yana ɗan jan ƙafar dama, ya dawo. Da ya zo daidai kujerar Inna sai ya sunkuya, ya ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa yana kasa kunne. Haka yake yi wa kowane katako tun suna yara, ko a gidan mutane ya shiga.

"Ƙafar nan ta sake kwancewa. Anjima in ɗaure ta."

Kujerar nan ta yi wata da watanni tana rawa, rana ɗaya ta daina. Da Auta ta tambaya, Inna cewa ta yi maƙwabci ne ya shigo ya gyara.

Yaya Babba ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Ni fa nake goya shi. Ke shaida ce, Auta. Daga ɗaki zuwa mota, daga mota zuwa benen asibiti. Bayana har yau ban iya ruku'u daidai. Ashe mutumin nan… ashe yana jina ina nishi!"

"Ka yi shiru mu ji."

Baba ya zauna bakin gado, ya fuskanci Inna.

"Innarsu, Litinin fa ta matso."

"Na sani. Bari ta wuce."

"Ta wuce da rabon yarinyar nan?"

"Malam, mun gama wannan maganar."

"Ke kika gama, ni ban gama ba. Bara ciwona ne ya tsare ta, wannan na Allah ne. Bana fa? Ƙarya ke tsare ta, kuma ni ne ƙaryar. Ɗazu tana cewa in tura hannunta, hawayenta na ɗiga a ƙafata. Kin san abin da na ji?"

"Ni dai na roƙe ka. Ka rantse min."

"Rantsuwar ce ta hana ni barci."

"In Litinin ta wuce shi ke nan, hankalin kowa ya kwanta."

Auta ta miƙe. Kujerar roba da take kai ta faɗi ta baya, ba ta ko waiga ba.

"Kashe."

"Ƙanwata…"

"Na ce ka kashe! Na ji abin da zan ji." Mayafinta ya zame. "Inna ce. Inna! Ita ce take ce min, ‘Auta, ki tafi abinki, kada ki damu da mu.’ Jiya-jiyan nan ta faɗa, tana shafa kaina. Ashe da hannu ɗaya take shafa ni, ɗayan yana riƙe da ƙafata."

"Ki zauna tukuna."

"In zauna in yi me, Yaya? Sa'o'ina sun gama shekarar farko. Ni ina nan ina wanke zanen gadon mutumin da ke yawo a ɗaki in na ba da baya!"

Mai shagon ya kai hannu zai rufe. Yaya Babba ya riƙe masa wuyan hannu.

"Dakata. Me take lalube?"

Auta ta waiwaya.

A allon Inna ta miƙa hannu wajen ɗan teburin. Kofin shayin na gabanta, ko tsawon hannu bai kai ba. Hannun ya wuce shi ta dama. Ya dawo, ya wuce shi ta hagu. Yatsunta na tattaɓa katako.

Baba ya kama hannun a hankali, ya ɗora shi a kan kofin.

"Ga shi nan. A hankali, da sauran zafi."

"Ta canza masa wuri."

"Ba ta canza ba. Inda yake jiya nan yake."

Inna ta kurɓa, ta ajiye kofin.

"Malam, an buɗe labulen?"

"A buɗe yake."

"Shekaranjiya ina ganin hasken tagar. Yau ita ma ta zama hayaƙi."

Mai shagon ya zame daga kujerarsa, ya ɗauki tsumma, ya fita bakin ƙofa yana goge gilashin da ba abin da ya same shi.

"Mu je asibiti," in ji Baba a allon. "Yau ɗin nan. In taka da ƙafata in kai ki."

"Ba mai sa min wuƙa a ido. Innata da ƙafarta ta shiga, da sanda ta fito. A gabana aka yi."

"Wancan zamani daban, wannan daban."

"Idon dai irin ɗaya ne."

"To har yaushe za mu yi ta wannan wasan?"

"Muddin kana kan keken nan ba mai kallona. Duk wanda ya shigo kai yake kallo. Ni ina gefenka a zaune, a ce baiwar Allah tana jinyar miji, ko tsakar gida ba ta fita. Ranar da ka miƙe Auta za ta tafi. Washegari a ce Inna tashi ki ɗora tukunya. Ran nan asirina zai tonu."

"Sai ni in ɗora."

"Kai? Kai da ko ruwan zafi aka ba ka sai ka ƙona shi?"

Suka yi dariya su biyu, ƙasa-ƙasa, irin ta mutanen da suka saba ɓoye dariyarsu. Ta Inna ce ta fara tsayawa.

"Ba na so su ganni ana ja na, Malam. Ni na goye su. Ba na so."

Baba ya goge mata fuska da gefen zanenta.

"Me ta sa yau?" Inna ta tambaya.

"Shuɗin mayafin nan, mai ɗan zare fari a baki."

"Sabon?"

"Shi. In ta dawo ki yaba. Kin san ta, in ba ki yaba ba sai ta tsargu."

Auta ta toshe bakinta da hannu biyu.

Ranar ta dawo daga kemis a gajiye, tana yin sallama Inna ta ce, "Kai, shuɗin nan ya karɓe ki, ga farin zaren nan kamar don ke aka yi." Har ta shiga ɗaki ta sake duba madubi.

Sauran abubuwan suka riƙa zuwar mata ɗaya bayan ɗaya. Gishirin da aka zuba a shayi, aka ce damuwa ce. Keken ɗinkin da aka lulluɓe, aka ce ƙararsa na damun Baba. Yadda Inna ta koma kiran sunan mutum tun yana zaure, daga jin takunsa, amma in ka tsaya shiru a gabanta sai ta yi ta kallon gefen kafaɗarka. Kullum suna gida ɗaya. Ita da za ta je koyon duba mata masu ciki, ba ta duba fuskar uwarta ba.

A allon Baba ya ɗora hannun Inna a kafaɗarsa, suna zaga ɗakin. Shi yana jan ƙafa, ita tana bin sa.

"Nan gado. Nan kujerarki. Miƙa hannu, nan ƙofa. Yauwa. Sake."

Yaya Babba ya zauna a kan kwali. Ƙaton mutum, direban babbar mota, ya rufe fuska da hula kafaɗunsa na girgiza.

"Ranar nan na kawo mata atamfa," ya ce ta cikin hular. "Na ce Inna zaɓi, ja ko kore. Ta shafa, ta shafa, ta ce in zaɓar mata, wai idona ya fi nata. Na yi ta dariya, Auta. Dariya na yi!"

Mai shagon ya dawo yana gyaran murya, idonsa a ƙasa.

"Ku yi haƙuri. Ni ban ga komai ba, ban ji komai ba. In yanke farkon kawai, inda ake motsa jikin?"

Auta ta daɗe tana kallon allon.

"Juye duka."

"Duka?"

"Likita ya ce yana so ya ga yadda yake a gida. To ga yadda yake."

Ya juye, ya nuna mata inda za ta taɓa kafin ta zare igiyar don kada katin ya lalace, ya naɗe guntuwar igiyar ya sa mata a jaka.

"Wannan kyauta ce. A ɓoye wa Alhaji ita."

Ba wanda ya yi dariya. Shi ma bai sa rai ba.

A mota Yaya Babba ya kunna, ya kashe, ya sake kunnawa.

"Ki tafi makarantarki."

Auta na kallon titi.

"Kin ji ni? In sun kira ki ce kina zuwa. Wannan zalunci ne aka yi miki, ko da iyaye ne suka yi."

"In tafi in bar ta wa?"

"Ga ni."

"Kai da kake kwana a hanya? Rabin wata ba a ganinka."

"To ga Baba. Tunda ya iya yawo da ita a ɗaki, ai ya iya riƙe ta."

"Ka ga yadda yake jan ƙafar? In ta faɗi ba zai iya ɗaga ta ba."

"Sai a kai ta a duba idon! Mai yi min lodi an yi wa uwarsa aikin ido, yanzu ita ke zura wa jikokinta zare a allura."

"Ka ji abin da ta ce game da wuƙa."

"To ke me kike so a yi?"

"Ban sani ba, Yaya! Da safe na san abin da zan ce musu. Yanzu ban sani ba. In na zauna, ƙarya ta ci ni. In na tafi…"



Da suka iso ƙofar gida rana ta fara sanyi. Yaya Babba ya kama murfin mota zai fita da zafinsa.

"Ni zan fara shiga. Yau sai tsohon nan ya goya ni, in ji yadda ake ji."

"Ka tsaya a nan."

"Ke Auta!"

"Don Allah, Yaya. Takunka tun daga titi take gane shi. Ina so in gani da idona, ba a allo ba."

Ta cire takalmanta a zaure ta riƙe a hannu. Ƙofar tsakar gida tana da ƙara in an tura ta, sai ta ɗaga ta kaɗan kamar yadda Baba ya koya mata tana ƙarama. Tunda ta yi wayo ba ta taɓa shiga gidan nan ba sallama ba sai yau.

Labulen ɗakin Baba a ɗage yake. Ta tsaya a bakin ƙofa.

Baba na kan kekensa, bargo a cinya. Yana ɗago ido ya gan ta. Nan take ya langaɓar da kai, ya saki hannun dama, ya karkace baki. A gabanta ya yi, tana kallo. Sai idonsa ya sauka kan takalman da ke hannunta, ya koma kan kyamarar da ke rataye a kafaɗarta, ya hau fuskarta.

Bakin ya daina karkacewa.

Inna na kan kujerarta 'yar tsugunno, fuskarta na kallon ƙofar sosai. Tsakaninta da Auta bai fi tsawon tabarma ba. Idanunta a buɗe tar.

"Malam," ta ce, "tashi ka rufe tagar nan, iska na damuna. Ka yi sauri kafin yarinyar nan ta dawo."

Baba bai motsa ba.

"Ka ji ni kuwa?"

Ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa.

"Malam? Wai fushin ne har yanzu? Na ce maka kwana nawa ya rage. Yau za su kira ta, ta ce musu ta fasa, shi ke nan ka huta, ni ma in huta."

Hawaye ya gangaro wa Auta har cikin baki. Ba ta share ba, don kada awarwaronta ya yi ƙara.

Inna ta miƙa hannu ta lalubo gwiwar Baba. Ta ji yadda take karkarwa. Fuskarta ta canza.

"Me ya faru? Malam, yi min magana." Ta sassauta murya. "Akwai mutum a ɗakin nan?"

Baba ya runtse ido. Ya dafa hannun keken da hannun dama, bargon ya zame ƙasa.

A daidai nan wayar da ke cikin jakar Auta ta ɗauki ƙara.

Inna ta zabura, kofin da ke gefenta ya kife. Ta juya fuska tana neman inda ƙarar take, hannunta a miƙe cikin iska.

"Auta?"

Auta ta zaro wayar. Lambar makarantar ce.

"Auta, ke ce? Tun yaushe kike nan?"

Wayar na ta ruri a tafin hannunta. Baba ya miƙe tsaye, a gabanta, da ƙafafunsa biyu.

"Ɗauki," ya ce.

"Malam, ka rantse min!"

"Na ce ki ɗauka, Auta."

Ta kai yatsa kan wayar. Inna ta taso da sauri ba tare da ta nemi bango ba, ta nufo inda take jin ƙarar, hannu biyu a gaba. Bargon da ya zame ƙasa na kan hanyarta, ba ta gan shi ba.

"Inna, tsaya!"

Daga cikin wayar wata murya ta ce, "Salamu alaikum. Muna jiran amsarki."